Ran 6 Ga Janairu: Ranar Da Ƙwayar Wake Ke Naɗa Sarki

A ƙasar Faransa, da zarar an shiga sabuwar shekarar Miladiyya, sanyin hunturu ya kankama, sai kantunan masu gasa burodi su cika da wata irin waina mai faɗi kamar faifai, an yi mata zane-zane a bisa da tsinin wuƙa, an kuma ɗora mata kambin takarda mai ruwan zinariya. Sunanta a bakinsu galette des rois, watau wainar sarakuna. Ranarta ta asali ita ce 6 ga watan Janairu, amma da yake ba ranar hutu ba ce a ƙasar, yawancin gidaje sukan ci tasu ran Lahadin da ta faɗo tsakanin 2 da 8 ga wata, sa'an nan a ci gaba da cinta a ofisoshi da makarantu da ma'aikatu har watan ya ƙare.

Ba waina ba ce irin ta shinkafa da ake toyawa a tanda. Fulawa ake kwaɓawa, a shimfiɗa mata man shanu, a ninka, a murza, a sake ninkawa sau da yawa, har in ta gasu sai ta tashi falle-falle kamar takarda. A tsakiyarta ake zuba haɗin sukari da ƙwai da man shanu da niƙaƙƙen almon, wani ɗan itace mai ɗanɗano kusa da na gyaɗa, wanda Larabawa ke kira lauz. Mutanen kudancin ƙasar kuwa tasu dabam ce, burodi ne mai zaƙi da aka naɗe kamar gammo, aka yi masa ado da 'ya'yan itatuwa da aka dafa cikin sukari. Amma duk wadda aka ɗauka, abin da ya mai da ita ta sarakuna yana ɓoye ne a ciki. A zamanin da ƙwayar wake ce guda ɗaya ake cusawa cikin kwaɓin kafin a gasa. Daga wajen ƙarshen ƙarni na 19 aka fara sa ɗan mutum-mutumin tangaran a madadinta, amma har yau sunansa wake.

Yadda ake rabon shi ne abin lura. Ƙaramin yaron da ke gidan ake sa wa ya shiga ƙarƙashin tebur, inda ba ya ganin komai. Mai yanka ya yanka, ya nuna yanki guda ya tambayi yaron na wane ne, yaro ya ambaci suna, haka har kowa ya samu. An yi haka ne don kada mai wuƙa ya hango waken ya tura wa wanda yake so. A tsohuwar al'ada akan ƙara yanki ɗaya bisa yawan mutanen da ke zaune, a ajiye wa matalaucin da ya fara buga ƙofa. Wasu na kiransa rabon Allah, wasu rabon Nana Maryamu. Wanda haƙorinsa ya ci karo da waken, shi ne sarki, ko sarauniya, a ɗora masa kambin takarda, ya zaɓi abokin sarautarsa, in ya ɗaga kofi a yi ta sowa ana cewa sarki na sha. Ko bawan gida ne, ko ɗan auta, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Gari na wayewa sarautar ta ƙare, a mafi yawan gidaje ma shi za a ɗora wa nauyin sayen wainar gaba.

Ga Kirista, ran 6 ga Janairu ita ce kwana na goma sha biyu bayan Kirsimeti, ranar tunawa da masana taurari da suka taso daga gabas suka zo Baitalami da kyautar zinariya da lubban da mur, don su ga Annabi Isa yana jariri. Linjila ba ta ce sarakuna ne ba, ba ta kuma faɗi yawansu ba. Mutanen baya ne suka ƙidaya kyaututtukan suka ce su uku ne, kana suka ba su sarauta da sunaye. Amma naɗin sarki da ƙuri'a ya girmi wannan biki. Rumawan da suna da wani shagali da suke farawa ran 17 ga Disamba, mai suna Saturnaliya, inda bayi kan zauna cin abinci iyayengijinsu na yi musu hidima, a kuma jefa ƙuri'a a fid da sarkin wasa wanda kowa zai bi umarninsa. Masana da yawa suna ganin daga nan wainar ta samo tushe. Wanda ya san wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da hakimansa, ko kalankuwa, inda samarin ƙauye ke naɗa nasu sarki da alƙali bayan kaka, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Sai dai tun a Rum ɗin wasan bai rabu da haɗari ba. Marubucin tarihi Tasitus ya ba da labarin cewa a bikin shekara ta 54, ƙuri'a ta faɗa kan Nero, ɗan shekara 17, wanda bai daɗe da hawa gadon sarautar gaske ba. Nero agola ne a gidan Sarki Kalaudiyus, ɗan cikin Sarkin kuwa, Biritanikus, yaro ne da bai cika 14 ba. Sai Nero ya umarce shi ya tashi tsakiyar taro ya yi waƙa, da nufin a yi masa dariya. Yaron ya tashi ya rera waƙar wanda aka raba da gadon ubansa, jikin mutane ya yi sanyi, Nero ya lura. Kafin wata biyu aka sa wa yaron guba a wurin cin abinci.

Wannan shi ne abin mamakin ranar. A ɗakin cin abinci ana ba da kambi da ƙuri'a, a karɓa da dariya, a mayar ba gardama. A fada da majalisa kuwa, tarihi ya sha kawo ran 6 ga Janairu daidai lokacin da ake ƙwace kambin gaske, ko ake gudu da shi, ko wani ya ƙi sakinsa.

Daren da aka gudu da Sarki

Babu inda abubuwan nan biyu suka haɗu a ɗaki ɗaya kamar a birnin Paris cikin 1649. Sarkin Faransa a lokacin, Luwi na 14, yaro ne ɗan shekara 10. Mahaifinsa ya rasu tun 1643, mahaifiyarsa Sarauniya Ana ke riƙe masa ƙasa, tare da wazirinta Kadinal Mazarin, mutumin Italiya, wanda mutanen birni suka tsana ƙwarai saboda harajin da ake ta ƙara musu don yaƙi da Sifen. Cikin watan Agusta na 1648 fada ta kama wani tsohon alƙali mai farin jini, Brusel, sai jama'a suka tottoshe titunan birnin da sarƙoƙi da ganguna da duwatsu, har dole aka sake shi. Sarauniya ta ga sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi matuƙar tana cikin ganuwa. Sai aka ƙulla a asirce cewa za a fitar da yaron, sa'an nan soja su kewaye birnin su hana abinci shiga.

Daren da aka zaɓa shi ne na jajiberen bikin sarakuna, lokacin da kowa ya shagala da ci da sha. Wata daga cikin matan da ke yi wa Sarauniya hidima, Madam Motebil, ta rubuta abin da ta gani da idonta. Ta ce da maraicen nan Sarauniya ta zauna cikin natsuwa tana kallon ɗanta yana wasa, aka kawo waina aka raba, sai waken ya fito a cikin rabon Nana Maryamu, saboda haka matan suka naɗa Sarauniyar kanta sarauniyar wake. Ta sa aka kawo kwalbar giyar inabi mai kayan yaji, aka sha, aka yi mata sowa. Har ma aka yi ta ba'a ga masu jita-jitar cewa fada za ta gudu. Matan suka tafi gida suka kwanta ba su san kome ba.

Wajen ƙarfe 3 na dare aka ta da Sarki da ƙanensa daga barci, aka bi da su ta wata ɓoyayyiyar matakala zuwa lambu, aka sa su a keken doki. Kafin hantsi suna Sanjaman, wata fada da ke yamma da Paris da tafiyar kamar kilomita 20. Da yake a zamanin kayan ɗaki tare da fada suke tafiya, kuma ba a iya aika su gaba ba don kada asiri ya tonu, sai aka tarar da ɗakuna wayam cikin tsananin sanyi. 'Yan gadajen tafi-da-gidanka ƙalilan ne aka samu, sauran manyan fadawa da 'ya'yan sarauta kan busasshiyar ciyawa suka kwana, har ciyawar ta yi tsadar da mai kuɗi ma ba ya samu. Mutanen Paris suka wayi gari ran 6 ga wata ba sarki a gari, suka rufe ƙofofi, suka ɗauki makamai. Yarima Konde ya yi wa birnin ƙawanya, yunwa ta shiga, sai cikin Maris aka yi sulhu, fada ba ta komo ba sai a watan Agusta.

Yaron nan ya yi shekara 72 bisa gado, har 1715. Masu tarihi da dama suna ganin bai taɓa mantawa da daren ciyawar ba, kuma yana daga cikin abin da ya sa bai sake amincewa da Paris ba, ya gina ƙasaitacciyar fadarsa a Basai, ya mai da gwamnati can cikin 1682.

Ana wata ga wata. A lokacin da aka gudu aka bar birnin, goggon yaron, Hanriyeta Mariya, tana cikin fadar Luba tana gudun hijira, cikin talaucin da har itacen jin ɗumi ya gagare ta. Mijinta shi ne Sarkin Ingila, Chals na 1, wanda ya sha kashi a yaƙin basasa, yana tsare a hannun soja. Ran 6 ga Janairu, 1649, Majalisar Wakilai ta Ingila, bayan soja sun kori 'yan majalisar da ke son sulhu, ta zartar da dokar kafa kotu mai alƙalai 135 don ta yi wa Sarki shari'a, ba tare da yardar Majalisar Dattawa ba. Aka fara zama ran 20 ga wata. Sarki ya ce ba kotun da ke da ikon tuhumarsa, ya ƙi amsa laifi ko musu. Mutum 59 suka sa hannu a takardar hukunci, ran 30 ga wata aka fille masa kai a bainar jama'a a Landan.

A nan akwai ɗan gyara da ya kamata a yi. Faransa ta koma sabuwar kalanda tun 1582, Ingila kuwa sai 1752, saboda haka 6 ga Janairun Landan ta zo ne kwana 10 bayan ta Paris. Sunan rana ɗaya ne, rana ba ɗaya ba.

Su ma Ingilishi suna da tasu wainar ta dare na goma sha biyu, mai wake na sarki da ƙwayar fis ta sarauniya, amma Majalisa ta soke bukukuwan Kirsimeti tun 1647, tana ganin bidi'a ce da sharholiya. Ba a iya kashe al'adar ba. Samuel Pepys, wani ma'aikacin gwamnati da ya shahara saboda littafin da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, ya rubuta cewa ran 6 ga Janairu, 1660, ya ci abincin dare a gidan wani ɗan'uwansa, aka kawo waina, maigidan ya zama sarki, ƙanwar Pepys ta zama sarauniya. A ranar Ingila ba ta da sarki. Sai a watan Mayu na shekarar ɗan marigayin, Chals na 2, ya komo ya hau gadon ubansa. Watau sarkin wake ya riga shi dawowa da wata huɗu da 'yan kwanaki.

Masu gajeren zamani

Tun kafin wannan, sarakunan Turai sukan so a naɗa su a ranar, don tana ɗauke da sunan sarakuna, kuma manyan ƙasa suna tare a fada saboda bukukuwa. Ba kowa ta yi wa daɗi ba. Harold ya hau gadon Ingila ran 6 ga Janairu, 1066, kwana ɗaya bayan rasuwar Sarki Edward. Ran 14 ga Oktoba aka kashe shi a fagen Hastings, Wiliyam na Nomandi ya ci ƙasar. Kustantin na 11 an naɗa shi Sarkin Rumawan Gabas ran 6 ga Janairu, 1449, daular ta riga ta zaizaye ba abin da ya rage sai birni da 'yan yankuna; ya mutu da takobi a hannu ran 29 ga Mayu, 1453, ranar da Sarkin Musulmi Muhammadu na 2 ya buɗe Ƙustantiniyya, ba a sake naɗa wani bayansa ba. A ƙarni na 20 kuma, Sarki Iskandari na ƙasar da ya raɗa wa suna Yugoslabiya ya zaɓi ran 6 ga Janairu, 1929, ya soke tsarin mulki, ya rushe majalisa, ya tattara iko duka a hannunsa. Cikin Oktoba 1934 aka harbe shi a mota a birnin Marseille na Faransa.

Ita kanta wainar ta taɓa shiga uku. Da juyin mulkin Faransa ya yi zafi, aka tuɓe ɗaya daga cikin zuriyar Luwi na 14, watau Luwi na 16, aka kuma fille masa kai ran 21 ga Janairu, 1793, sai duk abin da ke ɗauke da sunan sarki ya zama abin tuhuma. Wasu shugabannin birnin Paris suka nemi a hana bikin, wasu masu gashi suka cire waken suka sake wa hajarsu suna wainar daidaito. Gwamnatoci suka zo suka wuce, mutane ba su fasa cin abarsu ba.

A Afirka ta Yamma akwai ƙasar da in an ce 6 ga Janairu ba a bukatar ƙarin bayani, ita ce Saliyo. Da asubahin ranar, cikin 1999, ana tsakiyar watan Azumi, 'yan tawayen RUF tare da sojan da suka yi juyin mulkin 1997 suka kutsa Freetown daga gabas, da nufin korar Shugaba Ahmad Tejan Kabbah, wanda rundunar ECOMOG, mafi yawanta sojan Nijeriya, ta mayar kan mulki cikin Maris 1998. Aka yi makonni ana gwabzawa unguwa-unguwa. Aka ƙone gidaje, aka datse wa mutane hannuwa, aka sace yara, dubban mutane suka halaka. 'Yan Nijeriya mazauna birnin farautarsu aka riƙa yi musamman, saboda haushin sojansu, sojan kuma da yawa ba su komo gida ba. An kori maharan daga birnin, amma yaƙin bai ƙare ba sai 2002.

Ƙidayar ƙuri'a a Washington

Faransawa ne suka kafa birnin New Orleans na Amurka cikin 1718, har yau kuma ran 6 ga Janairu ake fara sayar da wainar sarki a can, mai ado da sukari kore da rawaya da shunayya, da ɗan mutum-mutumin jariri a ciki. Amma a Washington ranar tana da wani aiki. Doka ta ajiye ta, bayan kowane zaɓen shugaban ƙasa, don majalisun tarayya biyu su zauna tare su ƙidaya ƙuri'un wakilan jihohi, Mataimakin Shugaban Ƙasa na bisa kujera. Wannan tsari yakan sa mutum ya karanta faɗuwarsa da bakinsa. Richard Nixon ya yi haka cikin 1961, ya bayyana John Kennedy a matsayin wanda ya ci. Al Gore ya yi haka cikin 2001, bayan doguwar shari'a kan ƙuri'un jihar Florida, har ya riƙa tsawata wa 'yan jam'iyyarsa da suka tashi ƙorafi.

Cikin 2021 abin ya sake. Joe Biden yana da ƙuri'a 306, Shugaba Donald Trump 232, amma Trump ya dage cewa an yi masa maguɗi, ko da yake kotuna sun yi watsi da ƙararrakin da aka kai. Ya tara magoya bayansa kusa da fadar gwamnati ya yi musu jawabi, ya kuma matsa wa mataimakinsa, Mike Pence, ya ƙi karɓar ƙuri'un wasu jihohi. Pence ya ce ba shi da wannan iko. Sai taron ya fasa shingen 'yan sanda, ya farfasa tagogi ya shiga ginin majalisa, 'yan majalisa suka ɓuya, aka harbe mace ɗaya daga cikin maharan, 'yan sanda wajen 140 suka ji rauni. Da dare majalisa ta koma zama, ba a gama ƙidaya ba sai bayan ƙarfe 3 na asubahin 7 ga wata. Shekara huɗu bayan haka, ran 6 ga Janairu, 2025, ana zuba ƙanƙara a birnin, Kamala Harris ta hau kujerar nan ta karanta cewa Trump ya samu 312, ita kuwa 226. Cikin kamar rabin sa'a aka tashi. Da ya kama aiki ran 20 ga watan, Trump ya yi afuwa ga mutum wajen 1,500 da aka tuhuma kan harin 2021.

A can Paris kuwa, tun 1975, zamanin Shugaba Giscard d'Estaing, kusan kowace shekara ƙungiyoyin masu gasa burodi sukan ɗauki waina mai faɗin fiye da mita ɗaya su kai fadar Elize, inda shugaban ƙasa ke karɓarsu da almajiransu. Man shanu da almon duk an zuba yadda ya kamata, amma ba a sa wake a ciki, ba a kuma kawo kambi, domin ba a yarda shugaban jamhuriya ya zama sarki ba, ko da na takarda ne, ko da na yini ɗaya. Shugaban yakan yanka, a rarraba wa baƙi, kowa ya tauna nasa ba fargabar karya haƙori.